Wata huɗu da madubin hangen taurari mai inci 8

A tsakiyar hunturu na sayi madubin nan, irin wanda ake kira Dobson, kuma lokacin bai dace ba ko kaɗan. Hazo ya rufe sama, ban da wata da Jupita babu abin da na mora. Ga shi jijjigar hanya ta gotar da babban madubin da ke gindinsa, sai da na ɓata yamma guda ina murɗa sukurori kafin hoto ya fito tas.

Abin da ya sa na saye shi M51 ne, dandazon taurarin nan mai siffar guguwa da masanin taurari Charles Messier ya gano a 1773. A cikin gari na neme shi har na gaji, fitilun solar maƙwabta sun hana. Sai a watan Mayu, bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura, a daren da babu farin wata, na ɗora madubin a mota muka nufi gonar kawuna.

Nemo M51 ba wuya idan ka san taurari bakwai ɗin nan na arewa masu kama da ludayi. Daga tauraron ƙarshen mariƙin, ka gusa kamar faɗin yatsu biyu idan ka miƙe hannu. Da gilashin leƙawa na madubin mai milimita 25, wanda ke ninka abu sau 48, sai ga tabo biyu dishi-dishi, babba da ƙarami, kamar hayaƙin da ya kusa bajewa. Ɗan kawuna ya leƙa ya ce, "Yaya, a kan wannan ɗigon kokon ka kashe kuɗinka?" Na ce masa hasken ɗigon ya fi shekara miliyan 20 a hanya.

Sai da na yi rabin awa ban kalli waya ba, ina satar kallonsa da gefen ido, sannan wani lanƙwasasshen haske ya fara bayyana yana ɓacewa a kewayen babban tabon. Launukan da ake gani a hotunan intanet kam babu su. Ban ji haushi ba, don shi ma masanin taurari Lord Rosse da madubi mai inci 72 ya fara gane murɗewar M51 a Ayalan a 1845.

Madubin ya biya ni. Ƙorafina ɗan ƙaramin madubin saiti ne da ke jikinsa: idan abu ya yi sama sosai sai ka durƙusa ka karya wuya kafin ka leƙa. Gilashin milimita 10 da aka haɗo da shi ma lami ne, zan sauya shi bayan damina.