Kina son ɗinka bargon tunawa da zannuwan gida? Ga abin da za ki duba kafin ki kashe kuɗinki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan kowane gida akwai akwatin nan ko Ghana-must-go da aka danne da zannuwan da ba a ɗaurawa kuma ba a iya bayarwa, atamfar lefen Mama, ankon bikin Yaya, zanen goyon da aka goyi yara huɗu da shi, jallabiyar Baba da wuyanta ya cinye. Abin da nake son mu yi magana a kai shi ne yanka irin waɗannan kayan a haɗa su a ɗinka bargo ko mayafin gado a ba ɗan uwa, da kuma me ya kamata ki saya me ya kamata ki bari, dan gaskiya akwai inda mutane ke zuba kuɗi ba amfani, akwai kuma inda suke matsewa alhali nan ne ya kamata a buɗe hannu. Ni ra'ayina tun farko shi ne ki yi abin da za a lulluɓa da shi a wanke a sake lulluɓa, ba abin da za a linke a mayar cikin wani akwatin ba, kuma duk zaɓin da zan kawo a kan wannan na auna shi.

Kafin komai, in kayan na mamaci ne toh kar ki sa almakashi sai kin yi magana da magada. Suturar mamaci tana cikin gado, ko zani ɗaya ne akwai haƙƙin wasu a ciki, wani gidan ma sun fi son a yi sadaka da su. Ki nemi yardarsu ko ki jira a raba ki yi da rabonki, in ma da hali ki ce za ki yi wa kowa ɗan ƙarami. Sannan duk ƙyallen da ke da rubutun aya ko sunan Allah a cire shi daga lissafi, tunda abu ne da za a kwanta a kai a taka.

Sai maganar yadi, nan ne aikin yake. Atamfa ta auduga zalla ita ce sarauniya a wannan aikin, ba ta zamewa a keke, tana ɗaukar guga, allura na shiga ba wahala, kuma tsohuwa ta fi sabuwa daɗi dan ta riga ta yi laushi ta gama zubar da za ta yi. Holland ta Vlisco da ake bugawa a Helmond, kamfanin da ke nan tun 1846, ko ta shekara talatin a akwati kalarta na nan, haka Ingilish ta da, haka ma atamfofin masaƙun Kaduna irin na UNTL da iyayenmu suka ɗaura kafin masaƙun su durƙushe, in kin samu irin waɗannan a kayan Hajiya ki riƙe su da kyau dan irin na da ɗin nan suna da wuyar samu yanzu. Matsalar tana wajen atamfar roba ta yanzu mai sheƙi, ita ba ta shiga ruwa ta motse kamar auduga, toh in kin haɗa su wuri ɗaya wanki biyu za ki ga wani gida, wato ɗan yankan ƙyallen da aka haɗa, ya tattare wani ya saki, ga zafi in an lulluɓa. In kina kokwanto ki zare ɗan zare daga bakin zanen ki kunna masa ashana, auduga za ta ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa za ta yi ta dunƙule ta yi tauri.

Shadda fa? Gezna ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya auduga ce mai kyau kuma tana da ƙarko sosai, amma saƙarta a matse take, in da hannu za ki ɗinka yatsunki za su gaya miki, sannan sheƙin nan da ake so yana tafiya da wanki tunda ba za ki kai bargo wajen masu bugu ba. Tsohuwar shaddar Baba da ta sha wanki ta yi laushi, wannan kam ta yi, musamman a zagaye bakin bargon da ita. Leshi ban ba ki shawara ba sam a bargon da za a yi amfani da shi, ramukan suna kama yatsun yara, duwatsun suna soka, sai an yi masa shafi a ƙasa, ki bar shi a rigar filon ado. Saƙi yana da kauri kuma yana warwarewa da zarar an yanka, in za ki sa shi ki bar shi a tsawonsa yadda masaƙi ya fitar da ƙwaryarsa kar ki daddatsa. Gyale da rigunan jarirai masu talewa sai an manna musu gam-site, siririn shafin nan mai gam da ake mannawa da guga, a baya kafin a yanka, in ba haka ba ba za su tsaya a awo ba.

Bari in ba ki lissafi dan kar ki je ki sayo abin da ba kya buƙata. Katifa shida-da-shida, in kina son bargon ya ɗan sauko gefe, ki yi shi inci 84 kowane ɓangare. In kowane gida inci 6 ne, za ki yanka shi inci 6 da rabi saboda ɗinki ya ci kwata kowane gefe, gida 14 a tsaye 14 a kwance, 196 kenan. Zani ɗaya mai yadi biyu yana ba da wajen gida 66 in lafiyarsa lau, amma tsohon zani dole ki zubar da inda ya sha zama da bakin da ake sokewa, ki ɗaga shi a rana duk inda haske ke ratsawa sosai ya mutu, saboda haka ki tanadi huɗu ko biyar. Na jariri kuwa inci 36 da 48 ya isa, gida 48 kacal, ragowar yankan da tela ke tarawa a buhu ma za su yi. Kinga kenan ba sai kin sayi sabuwar atamfa ko ɗaya ba dan saman bargo.

Inda za ki kashe kuɗi shi ne bayan bargon, dan shi ke taɓa jiki kuma shi ke riƙe tsofaffin ƙyallayen. Zaɓi biyu ne masu kyau, ko turmin atamfa na auduga guda ki raba shi biyu yadi uku-uku ki haɗa a tsakiya, zai rufe inci 84 ɗin nan har da ragowa a tsawo, ko babban zanen gado na auduga wanda ba sai an yi haɗi ba. Na gwanjo mai kyau sau da yawa ya fi sabo mai araha, dan sabon mai arahar yawanci roba ne yana yin ƙurajen nan bayan wanki. In a Kano kike Kantin Kwari akwai komai, ki taɓa da hannunki ki murza gefe ki ga ko sitati ne ya cika shi. Wasu na son kai farin yadi marinar Ƙofar Mata a rina musu da baba, yana kyau ƙwarai da atamfa mai ja da ruwan ɗorawa, sai dai baba yana zuba, sai kin wanke shi shi kaɗai har ruwan ya fara fita fes, sannan ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai ki gani kafin ki haɗa shi da zanen da ba ki da madadinsa. Ko wane sabon yadi ma haka, a wanke a goge kafin a yanka.

Toh me za a sa a tsakiya? Nan ne nake ganin an fi yin kuskure. Masu ɗinkin zanen gado da yawa da kin ce bargo sai su ɗauko fayiba mai kauri irin ta dubet, ya fito ɓul-ɓul gwanin kyau a hoto. Fayiba tana da araha, ba nauyi, tana bushewa da wuri, amma ki tuna ƙasarmu, sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, sauran watannin wa zai lulluɓa da ita in ba mai kwana a esi ba? Kuma in ba a bi ta da ɗinki kusa-kusa ba tana tattarewa gefe guda. In wanda za ki ba yana Jos ko Mambila ko yana karatu a Ingila, toh fayiba ko tsohon bargo mai laushi a tsakiya daidai ne. Shimfiɗaɗɗiyar auduga da aka yi dan wannan aikin ta fi daɗin jiki kuma tana shan iska, sai dai tsada da wuyar samu, sannan tana ɗan motsewa a wankin farko. Audugar katifa ko rimi da ake cusa wa filo kar ki soma, ruwa na taɓa ta za ta dunƙule.

Wanda ni na fi so, kuma shi nake ba kowa shawara in dai a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi za a yi amfani da shi, shi ne kar a sa komai mai kauri, a sa tsohon zani ɗaya ko biyu a tsakiya kawai. Haka matan Bangaladash da Bengal ta Indiya ke yin nasu da suke kira kantha, su jera tsofaffin sari su bi su da ɗinkin hannu layi-layi, ƙasarsu ma zafi ne kamar tamu shi ya sa dabarar ta dace da mu. Yana fitowa shafal, ana lulluɓa da shi da asuba ko da damina, ana wanke shi a bokiti a shanya ya bushe kafin la'asar, kuma zannuwan da suka koɗe da yawa ba za su iya fitowa a sama ba sun samu wurin zama a ciki, ba a yar da komai ba.

Hannu ko keke? Haɗa gidajen saman kam keke ya fi, ya fi sauri ya fi ƙarfi. Kuma ba kya buƙatar keke mai tsada, Butterfly ko Singer baƙin kai mai ƙafa ya wadatar tunda miƙaƙƙen ɗinki ne kawai, ba ruwanki da wuta, kuma kowane mai gyara ya san shi, kayan gyaransa na ko'ina. Ƙananan kekunan lantarki na roba masu kwalliya iri-iri suna da daɗi amma da yawansu suna wahala in kauri ya yi yawa. Juki indastiriyal sai in sana'a za ki mayar da abin. Allura lamba 14 ta isa atamfa, 16 in an zo haɗa duka ukun. Amma ɗinkin da zai ratsa sama da tsakiya da baya, a nan ina goyon bayan hannu. Tura bargo mai inci 84 ta ƙarƙashin ƙaramin keke wahala ce, bayan yana tattarewa ba ki sani ba sai kin juya. Da hannu kuwa ki shimfiɗa a tabarma, ki kama shi da fil mai kulle tazarar tafin hannu, ki fara daga tsakiya kina fita waje, layi da layi tazarar yatsa biyu, da zare mai ɗan kauri irin na Anchor ko DMC, kar ki yi rowar zare dan mai araha yana tsinkewa kuma jansa yana zuba. Zai ɗau makonni, gaskiya ne, amma aiki ne na bayan isha'i ana hira, ƙannenki da 'ya'yanki ma kowa zai iya yin layinsa, ko ya ɗan karkace ba komai, an san hannun wa ne.

In ba ki da lokaci ko ba ki iya ɗinki ba, ba laifi ki kai wa tela, amma ki zaɓi mai ɗinkin zanen gado ba mai ɗinkin riga ba, ki ga aikin da ya taɓa yi ki juya bayansa ki duba. Ki wanke ki goge ki yanka da kanki in za ki iya, ki jera gidajen a ƙasa yadda kike so ki ɗau hoto a waya ki tura masa, ki faɗa masa a fili ba kya son fayiba in ba kya so, kuma ku yi maganar ragowar ƙyalle tun farko ya dawo miki da su. Rubutun suna da shekara za a iya yi da monogiram a ɗan ƙyalle a ɗinka a kusurwar baya, ko ki yi da hannu, ki rubuta zannuwan waye da shekarar da aka ɗinka, dan jikoki ba za su sani ba in ba a rubuta ba.

Ba kowa ne bargo ya dace da shi ba kuma. Tsohuwa ko tsoho mai ciwon gwiwa, sallaya mai laushi ta fi masa amfani, nan kam fayiba ko siririn soso ya yi, sai dai a zaɓi yadi mara hayaniya dan kar ya ɗauke hankali a sallah. In 'yan uwa suna da yawa zannuwan kuma kaɗan ne, rigar filo ɗaya-ɗaya ta fi a ce mutum ɗaya ya tafi da duka. Amarya kuwa mayafin gado da filo biyu daga zannuwan mahaifiyarta da na gwaggonninta, a sa cikin kayan jere. Namiji babba da ba zai so kalar atamfa ba ki duba luru ko gwado saƙar hannu a Kasuwar Kurmi, ki yi masa baki da shaddar mahaifinsa. Na jariri dan Allah kar a sa maɓalli ko duwatsu ko wani abin da zai ɓalle ya kai baki, kuma likitocin yara suna hana lulluɓa wa jaririn da bai kai shekara ba bargo sakaka yana barci, saboda haka ki gaya wa mai jegon na shimfiɗa ne a ƙasa ko na ɗauka zuwa unguwa har ya yi wayo.

Wajen wanki ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, banda bilic, banda murza da ƙarfi, a shanya a inuwa bayan yana sama. In kuma wannan ne karonki na farko ki fara da na jariri ko rigar filo da guntayen wajen tela, hannunki ya faɗa tukun kafin ki taɓa Holland ɗin Hajiya.