Osimhen ko Lookman: wa ya fi dacewa da Chelsea?

Da zarar an buɗe kasuwar 'yan wasa, magoya bayan Chelsea a gidajen kallon ƙwallo na Birnin Kebbi sai su rabu gida biyu: masu son Victor Osimhen da masu son Ademola Lookman.

Osimhen lamba tara ne na gaske, wato ɗan wasan gaba mai cin ƙwallo. A kakar 2022/23 ya ci ƙwallo 26 a Serie A, babbar gasar Italiya, ƙungiyarsa ta lokacin Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, zamanin Maradona. Ka duba yadda yake tashi sama ya sa kai, ko yadda yake bin mai tsaron baya a guje har ya ruɗe ya zubar da ƙwallo. Aibinsa tsada da yawan rauni. Abin da yake ɗaurawa a fuska ma, tun karayar da ya samu a 2021 ne.

Lookman ta gefe yake shigowa, kuma ƙafafunsa biyu duk suna aiki. Ba a manta ƙwallo 3 da ya zura wa Leverkusen a wasan ƙarshe na Europa a 2024 ba. Sai dai ya taka leda a Ingila, inda Chelsea take, a Everton da Fulham da Leicester, bai yi irin wannan tashen ba.

Ni dai Osimhen zan ɗauka. 'Yan gefe sun yi wa Chelsea yawa har ana rasa inda za a sa su, amma tun tafiyar Diego Costa a 2017 muke neman wanda zai tsaya cikin raga ya ci.