Wata Takwas da Na'urar Auna Hawan Jini a Gidanmu

Na sayi na'urar auna hawan jini ne saboda mahaifiyata, bayan da likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya duba katinta ya ga cewa a zuwa uku a jere jininta bai sauka ƙasa da 160/100 ba, alhali shekara biyu ke nan da rubuta mata magani. Da ya tambaye ta yadda take shan ƙwayar, Inna ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce idan ƙeyarta ta yi nauyi ko kanta yana sarawa takan sha kwana uku ko huɗu, idan ta ji garau sai ta ajiye, domin a ganinta mai lafiya ba ya shan magani. Likitan ya ce mata, "Hajiya, wannan ciwo ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yakan wuni yana harkokinsa, jininsa yana sama, zuciya da ƙoda suna wahala bai sani ba." Sannan ya ce mini in akwai hali mu nemi na'ura ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, domin ta tsintsiyar hannu ta fi saurin kuskure.

A wani babban kemis da ke Sabon Garin Zariya na same ta. Tana aiki da batura huɗu, tana da maɓalli ɗaya babba, kuma lambobinta manya ne har Inna tana karanta su ba tare da tabarau ba, wanda a wurina wannan ne alherinta na farko. Lamba ta sama tana nuna ƙarfin da jini yake tunkuɗar jijiyoyi lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki, sai ta uku mai ƙirga bugun zuciya a minti ɗaya.

Makon farko bai yi mana daɗi ba. Mai kemis ɗin bai tambaye ni kaurin hannun mai amfani da ita ba, ni ma ban san ana tambaya ba. Maɗaurin da ya zo a kwalin na damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 32 ne, Inna kuwa mace ce mai jiki, da ƙyar yake haɗuwa, wani lokaci ma ya ɓalle ana cikin hura iska. Lambobin da muka riƙa gani sun tayar mana da hankali ƙwarai. Da na kai na'urar asibiti domin a gwada ta da tasu, wata nas ta sa tef irin na tela ta auna damtsen, ta samu santimita 36, ta bayyana mini cewa maɗauri ƙarami a babban hannu yana ƙara lamba fiye da gaskiya. Sai da na koma na sayi babba, mai ɗaukar 32 zuwa 42, da kuɗi na daban. Duk wanda zai sayi irin wannan na'ura ya auna damtse tun daga gida, kuma ina ganin haƙƙin masu sayarwa ne su yi wannan tambaya kafin su karɓi kuɗin mutum.

Nas ɗin nan ce ta koya mini yadda ake awon, kuma a nan na gane cewa rabin ingancin na'urar yana hannun mai amfani da ita. Inna takan zaga bayi tukuna, sannan ta zauna a kujera mai majingina na minti biyar, ƙafafunta a ƙasa ba a harɗe ba, hannunta a kan tebur daidai da ƙirjinta. Nakan ɗaura maɗaurin a kan fata, kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu, domin naɗe hannun riga mai matsewa yana ɓata awon. Ba goro, ba kofi, ba aikin ƙarfi na rabin awa kafin nan, kuma ba magana har na'urar ta gama, wanda shi ne ya fi yi mata wuya idan jikoki suna kai da komo a tsakar gida. Muna aunawa sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma da yamma, kwana bakwai kafin ranar ganin likita, ina rubutawa a wani ƙaramin littafi. A asibiti 140/90 ne iyakar da ake kira hawan jini, a gida kuwa 135/85, saboda mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa.

Abin da littafin nan ya yi ban iya yin sa da baki ba cikin shekara biyu. Wata safiya Inna ta tashi tana cewa ta daɗe ba ta ji daɗin jikinta kamar ranar ba, muka auna, 158/96 ta fito. Ta yi shiru tana duban lambar, sannan ta ce, "Ashe jiki yana ɓoye wa mai shi." Tun daga ranar ba ta sake tsallake amlodifin ba, wato ƙwayar hawan jinin da aka rubuta mata. Da ƙafafunta suka fara kumbura a idon sawu, abin da wannan magani yakan jawo wa wasu, ba mu dakatar da kanmu ba, muka koma Shika da littafin, likita ya rage shi ya haɗa mata da wani. A watanni uku na baya-bayan nan matsakaicin awonta yana kusa da 132/82.

Tukunya ma ta canja. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake ɓoye a dunƙulen ɗanɗano, da yaji, da kilishi. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu a gishiri. Mun rage dunƙule a miyar kuka, mun ƙara daddawa da tafarnuwa da citta, kuma bayan makonni kaɗan harshen kowa ya saba. Zoɓo marar sukari tana sha, amma likita ya ja mana kunne cewa ba ya maye gurbin ƙwaya. Ya kuma hana ta sayen magungunan ciwon gwiwa irin su ibufurofen da daikulofenak ba tare da saninsa ba, domin suna iya ɗaga jini.

Na'urar tana da nata naƙasu. Takardar bayaninta da Turanci take, da ƙananan haruffa, babu Hausa ko layi ɗaya. Baturan kasuwa masu araha ba sa daɗewa a cikinta, kuma motsi kaɗan yana sa ta nuna alamar kuskure. Ma'ajiyarta ba ta bambanta mutane, saboda haka da maƙwabta suka fara shigowa awo sai lambobinsu suka cuɗe da na Inna, shi ya sa na fi dogara da littafi. Akwai kuma haɗarin yawan aunawa, domin da farko ƙanina yakan ɗaura mata sau biyar a yini, fargabar hakan kuma tana ƙara ɗaga lambar. Abin da aka gargaɗe mu da shi shi ne idan ta kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko mutuwar ɓarin jiki, to a nufi asibiti nan take, kada a tsaya sake awo.

Duk da haka ban yi nadamar kuɗin da na kashe ba, kuma ina ba duk gidan da yake da mai wannan lalura shawarar ya mallake ta. A cikin maƙwabtan da suka shigo akwai wani magidanci mai sana'ar walda a Tudun Wada, wanda bai taɓa auna jininsa ba domin babu abin da yake masa ciwo. Kwana uku a jere lambarsa ta sama tana haura 170. Na rubuta masa su a takarda ya kai Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, an ɗora shi a kan magani, yanzu kuma kowace Asabar bayan la'asar yakan yi sallama da nasa littafin a aljihu.