Tallafin Rotary na karatun zaman lafiya: su waye a cikin ajin, su waye ƙa'idar ta bari a waje

Duk mai neman digiri na biyu a fannin nazarin zaman lafiya da sasanta rikici a ƙasar waje, da wuya ya yi mako guda yana bincike bai ci karo da tallafin gidauniyar Rotary, ƙungiyar taimakon al'umma ta ƙasa da ƙasa, ba. Tun 2002 ake bayar da shi, kuma zuwa yanzu mutum sama da 1,500 sun ci gajiyarsa, suna aiki a ƙasashe fiye da 100. Kuɗin makaranta, masauki, abinci, tikitin jirgi zuwa da dawowa, da kuɗin fita aikin gani da ido na wata biyu zuwa uku, duk gidauniyar ce ke ɗauka. Wannan ɓangaren babu abin kushewa. Sai dai a ganina ba kuɗin ne babban abin da mutum zai samu ba, mutanen da zai zauna da su a aji ne. Shi ya sa na auna shirin ta wannan fuskar.

Cibiyoyin digiri na biyu biyar ne: Jami'ar Bradford a Ingila, Jami'ar Uppsala a Siwidin, Jami'ar Queensland a Ostireliya, Jami'ar Kirista ta Ƙasa da Ƙasa da ke Tokiyo, sai haɗin gwiwar Jami'ar Duke da Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka. Gurabe kusan 50 ake rabawa a shekara, wato kamar mutum goma a kowace cibiya. Karatun na ɗaukar wata 15 zuwa 24. Akwai kuma gajeren shiri na takardar ƙwarewa, na shekara guda, a Jami'ar Makerere da ke Yuganda da Jami'ar Bahçeşehir da ke Istanbul.

Ƙa'idar da ta fi kowace tasiri a kan irin mutanen da ke shiga ita ce ta aiki. Mai neman digiri na biyu sai ya nuna ya yi aƙalla shekara uku yana aiki na cikakken lokaci a harkar zaman lafiya ko ci gaban al'umma. Mai neman takardar ƙwarewa kuwa shekara biyar. Ana kuma son tazarar shekara uku tsakanin digirin da mutum ya gama na ƙarshe da ranar da zai fara. Da wannan kaɗai an rufe ƙofa ga wanda ya fito daga jami'a jiya, komai kyan sakamakonsa. Abin da ya rage a cikin rariyar shi ne mutanen da suka ga jiya suka ga yau: ɗan sandan da ya tsaya tsakanin unguwanni biyu masu gaba, likitar da ta yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira, lauyan kare haƙƙin ɗan Adam, ɗan jarida, tsohon hafsan soja da ya je aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, malamar makaranta, ma'aikacin agaji. Digirinsu na farko ma ba iri ɗaya ba ne. Wani shari'a ya karanta, wata kiwon lafiya, wani tattalin arziki ko aikin gona.

Ana ganin amfanin wannan cakuɗa a darasin gwajin sulhu, wanda ake yi a irin wannan karatu. A raba ɗalibai gida uku, gwamnati da 'yan tawaye da masu shiga tsakani, a ba su 'yan awoyi su fito da yarjejeniyar tsagaita wuta. Lauya zai kafe a kan kalma ɗaya a sakin layi na biyu, domin ya san a nan ne ɓangare ɗaya zai zille gobe. Sojan ba ruwansa da kalmar. Shi tambayarsa ita ce kilomita nawa kowane ɓangare zai ja da baya, wa zai tsaya a shingen, kuma da wace na'ura za a sanar da mayaƙin da ke daji cewa an daina harbi da ƙarfe shida na safe. Ma'aikaciyar agaji za ta ɗaga hannu ta ce babu wanda ya ambaci hanyar da motocin abinci za su bi, kuma damina ta kusa. Littafi ba ya ba mutum wannan. Malami ma, komai zurfin iliminsa, ba zai iya zama mutum uku a lokaci guda ba.

Wata ƙa'idar mai kyau ita ce ba a barin mai neman digiri na biyu ya yi karatun a ƙasarsa. Ɗan Japan ba zai je Tokiyo ba, Bature ɗan Ingila ba zai je Bradford ba. Saboda haka babu wanda ke wasa a gida, kowa baƙo ne, kuma ba ƙasa ɗaya ce ke cika ajin ba.

To amma cibiyoyin ba ɗaya suke ba, kuma a nan masu nema da yawa ke yin kuskure na farko: su zaɓi ƙasar da ta burge su maimakon sashen da ya dace da tarihinsu. Sashen Uppsala, wanda aka kafa a 1971, gida ne na lissafi da ƙididdiga. Su ne ke riƙe da sanannen kundin bayanan rikice-rikice na duniya, inda ake ƙirga faɗa a matsayin rikicin makamai idan ya ci rai 25 a shekara, a kira shi yaƙi idan ya kai 1,000. Wanda ya shekara goma yana sasanta manoma da makiyaya amma bai taɓa rubuta bincike mai tsari ba zai sha wuya a zangon farko, ba don bai san aiki ba, sai don ana tambayarsa abin da bai saba ba: yaya ka auna, da me ka kwatanta? Bradford kuwa, wadda ta buɗe sashenta a 1973 da tallafin mabiya ɗarikar Kirista ta Kwaka, Adam Curle yana farfesanta na farko, ta fi karkata ga aikin shiga tsakani, tsaro da ci gaba, kuma shirinta ne mafi gajarta. A Duke digirin na manufofin ci gaban ƙasashe ne, ya fi dacewa da wanda ya fito daga ma'aikatar gwamnati ko babbar ƙungiya mai hulɗa da kasafin kuɗi. A Karolina ta Arewa ana iya shiga ta sassa daban-daban, abin da ke yi wa masu kiwon lafiyar al'umma daɗi.

Matakan nema ba su da sarƙaƙiya. Ana buɗe shafin neman tallafin a watan Fabrairu, a rufe 15 ga Mayu, a sanar da sakamako a Nuwamba. Ana buƙatar takardar tarihin aiki, sakamakon digiri, rubutattun bayanai a kan manufar mai nema, wasiƙun shaida, da sakamakon jarrabawar Turanci ga wanda ba harshensa ba ne. Inda ake tuntuɓe wurare ne sanannu. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake yi ya mutu, don haka wanda ya rubuta da wuri yana iya zuwa lokacin neman gurbi da takarda marar amfani. Sannan samun tallafin ba shi ne samun gurbi ba: bayan Nuwamba sai mutum ya nemi jami'ar da kansa, ya cika sharuɗɗanta, kuma tana da ikon ƙin ɗaukarsa. Mambobin Rotary, ma'aikatanta da iyalansu na kusa ba su cancanta ba, ƙa'idar da nake ganin ta dace, tunda tana kawar da zargin son kai. Kuskure mafi yawa dai yana cikin takardar tarihin aiki. Mutum ya rubuta muƙamai ba tare da wata da shekara ba, ko ya haɗa aikin sa-kai na ƙarshen mako ya ƙirga shi shekara cur. Mai tantancewa watanni yake ƙirgawa, idan ba su kai 36 ba magana ta ƙare.

Nan ne kuma babban ƙorafina yake. Ƙa'idar da ta cika ajin da ƙwararru ita ce ta kore wasu ƙwararrun da suka fi kowa sanin sulhu. Dattijon da ake tashinsa da tsakar dare idan an yi kisa tsakanin dangi biyu ba shi da takardar ɗaukar aiki. Matar da ke jagorantar ƙungiyar zawarawan yaƙi ba ta da takardar albashi da za ta nuna, wataƙila ma ba ta da digiri. Malamin addinin da kalmarsa ɗaya ke mayar da matasa gida yana iya zama ba ya jin Turanci. A ƙasashen da ake koyarwa da Faransanci, Larabci ko Fotugis, irin su Mali, Yemen ko Mozambik, shingen harshe kaɗai ya isa ya tace mutane da yawa. Sakamakon shi ne ajin yana da tutoci iri-iri, amma idan aka duba da kyau, da yawa sun fito daga duniya ɗaya: manyan ƙungiyoyin agaji, ofisoshin babban birni, Turanci mai santsi, iya rubuta rahoto ga masu ba da kuɗi. Bambancin fasfo ba lallai ya zama bambancin rayuwa ba. Wannan ba laifin Rotary kaɗai ba ne, haka karatun digiri na biyu yake ko'ina, amma fannin da ke da'awar sauraron waɗanda rikici ya shafa ya kamata abin ya fi damunsa.

Maganar iyali ma tana tace mutane a ɓoye. Wanda ya shekara biyar ko goma yana aiki galibi yana da aure da 'ya'ya, tallafin kuwa na mutum ɗaya ne. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu na darasi, wato wanda ba na bincike ba, zuwa da iyalansu, don haka uwa mai ƙananan yara da ke sha'awar Bradford sai ta yi lissafin wata 15 ba tare da su ba. Ba sai an faɗa ba, mata wannan ya fi shafa.

Shirin takardar ƙwarewa ya rage wannan giɓin, kuma ya cancanci yabo. Na Makerere, da ya fara ɗaukar ɗalibai a 2021, an yi shi ne don 'yan Afirka da masu aiki da al'ummomin nahiyar. Ana haɗa darasi ta intanet da zaman makonni a Kamfala, sannan mutum ya koma bakin aikinsa ya gudanar da wani shiri na kawo sauyi na tsawon watanni, ya dawo ya gabatar da abin da ya samu. Ba sai ya ajiye aiki ko ya bar gida shekara biyu ba. Ga wanda ya riga ya yi nisa a aiki, yana da mutane a ƙarƙashinsa, wannan ya fi digirin dacewa, ko da yake har yanzu ana neman digirin farko da kuma iya Turanci. Wanda kuma yake son komawa bincike, ko yake harin digiri na uku, Uppsala ya kamata ya sa a gaba, kuma ya fara koyon ƙididdiga tun kafin Nuwamba.