Dekin Yana Yoyo: Fel, Fenti, Roba Ko Kwano, Wanne Za Ka Saya?

Ɗakin da na ƙara wa Hajiya a bayan gida dekin muka zuba masa, da niyyar idan Allah ya hore a ɗora wani a sama. Damina ta farko lafiya lau. Ta biyu, cikin watan Agusta, na shiga gaishe ta da sassafe na tarar ta ja katifarta gefe, ta tara bokiti da tukunya a kusurwa, fenti ya kumbura yana ɗiga. Ko ƙorafi ba ta yi mini ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Sai da na kashe kuɗi sau uku a kan rufin nan kafin ya daina zuba.

Kafin ka sayi komai, sa tsani ka hau da kanka bayan an ɗauke ruwa. Inda yake ɗiga a ciki ba lallai ne nan yake shiga ba, yana iya bin cikin kankare ya ɓullo nesa. Duba bakin indararo, duba gindin rawanin ginin, sannan ka tsaya sosai a inda sabon ɗaki ya haɗu da tsohon bango. Gini biyu ne da ba tare suka zauna ba, kowanne yana motsinsa daban, a nan tsaga take fara buɗewa. Idan kuma ka ga ruwa kwance, to gangara ce babu. Ruwa mai zurfin santimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya lita 10 ne, ka lissafa abin da ke kwana a kan ɗaki mai mita 4 da 5.

Abin da birkila zai fara ce maka shi ne a ƙara shafa siminti. Na yi, bazara ɗaya ta tsattsaga shi. Amfaninsa kawai a fitar da gangara zuwa indararo, aƙalla santimita 1 a kowane santimita 80. Narkakkiyar kwalta da ake dafawa a durom kuwa, rana ta narkar da ita, sanyin hunturu ya fasa ta, kada ka ɓata kuɗinka. Fentin hana yoyo yana da kyau a kan ƙananan tsaga da rufin da ruwa ba ya kwana, amma irin mai araha da ake sirkawa da ruwa ba ya jure tafki. Ɗora kwano a sama yana magance matsalar, sai dai ka haƙura da shanya da ajiye tanki a wurin, ga kuɗin katako da kafinta.

Akwai baƙar robar nan EPDM da Turawan Ingila suke yawan shimfiɗawa a kan ɗakunan da suke ƙarawa. Kaurinta bai wuce milimita 1.2 zuwa 1.5 ba, tana zuwa falle guda babu haɗi, da gam ake manna ta, kuma tana daɗewa ƙwarai. Matsalarta a nan samun ta da samun wanda ya iya aikinta. Idan rufinka ita ce a kai ta huje, kada ka bari a kusanto ta da kwalta ko fetur, cinye ta suke yi. Facinta da nata firaima (ruwan da ake fara shafawa don abin da za a liƙa ya kama) da nata tef ake yi.

Ni dai fel na zaɓa, wato shimfiɗar kwalta mai zuwa a naɗe, irin wanda ake gasawa da wutar iskar gas, kuma shi nake ba kowa shawara. Nadi ɗaya faɗinsa mita 1 ne, tsawonsa mita 10. Ka nemi mai kaurin milimita 4, wanda aka rubuta APP a jikinsa (APP da SBS sunayen sinadaran da ake gauraya kwaltarsa da su ne), don shi ya fi jure zafi irin namu: sai wajen digiri 150 yake fara saki, mai SBS kuwa ƙasa da haka ne, ƙasashen sanyi ya fi dacewa da su. Abu na biyu, zaren da ke cikinsa. Mai foliyesta yana miƙewa idan kankare ya motsa, mai zaren gilashi kuwa yagewa yake yi, alhali motsin nan shi ne ainihin ciwon ɗakin da aka ƙara. Na uku, samansa ya zama mai ƙananan tsakuwa, ko kuwa a shafa masa fentin alminiyam bayan an gama, domin rana ce take tsufar da shi. Wani abin da ya sa nake son sa: ko bayan shekaru ya huje, ɗan yanki za a gasa a liƙa, an wuce wurin.

Wajen lissafi, kada ka ɗauka nadi ɗaya zai rufe murabba'in mita 10. Kowane layi yana hawa kan ɗan'uwansa da santimita 10 a gefe, 15 a ƙarshe, ga wanda zai hau bango. Ɗaki mai mita 4 da 5 nadi uku yake ci. Duk wanda ya ce maka biyu sun isa, a wajen haɗi da bango zai rage.

A nan ne aka cuce ni, don haka ka saurara da kyau. Wanda na fara ba aikin fel ya karɓi kuɗin milimita 4 ya kawo wani abu mai laushi kamar ledar tsakar ɗaki. Ban san bambanci ba lokacin. Ashe wasu da nauyi ake rubuta su, ka ga 4 a jikin takarda ka ɗauka milimita ne, alhali kilo 4 ne a kowane murabba'in mita, wanda kaurinsa bai kai ba. Wasu kuma takardar ma canza ta ake yi. Ka je kasuwa da ƙafarka. Ka ɗaga nadin: milimita 4 na gaske ya haura kilo 40, mutum ɗaya da ƙyar yake ciccibarsa. Ka ce a yanko maka ɗan ƙyalle daga baki, ka lanƙwasa shi biyu, idan ya tsage ka bar shi. Ka gwada yaga shi da hannu, mai foliyesta ba zai yarda ba. Nadin da aka jibge a kwance cikin rana har ya manne da kansa ya riga ya lalace, a tsaye ake ajiye fel. Araha ba ta ado.

Firaima ma haka. Mutumin nan baƙin mai ya gauraya da kwalta ya shafa, kwana biyu yana naso bai bushe ba, ya ɗora fel a kai. Bayan damina na kama bakinsa da yatsu biyu na ɗaga, ya taso gaba ɗaya, ƙasansa jiƙe sharkaf yana wari. Firaima ka saye shi a rufaffen gwangwani, a buɗe a gabanka. Kada ka yarda a yi aikin a kan jiƙaƙƙen dekin, danshin da aka rufe zai zama tururi ya kumbura fel ɗin kamar ƙuraje. Tsakanin Nuwamba da Afrilu ne lokacinsa.

Ranar aiki ka zauna a saman. A kusurwar da dekin ya haɗu da bango a fara cika ta da siminti ta yi zubin gangara, kada fel ya karye a nan. Ya hau bango aƙalla santimita 15, ni 30 na sa aka yi, a sassaƙa layi a cusa bakinsa ciki a toshe. Ya shiga har cikin maƙogwaron indararo. Kowane haɗi ka ga siririn layin baƙar kwalta ya tsattsafo, idan babu wutar ba ta kama ba. Wanda ya yi mini na ƙarshe, da kan cokalin birkila ya bi haɗin ɗaya bayan ɗaya yana zungura.

Kada ka cika kuɗin aiki sai an gwada. Mun toshe indararo da tsumma da leda, muka tara ruwa kamar santimita 5 muka bar shi kwana biyu, ina shiga ɗakin Hajiya safe da yamma ina shafa kusurwar nan da tafin hannu. Da na ji ta bushe ƙayau a rana ta biyu, sannan na ƙirga masa cikon kuɗinsa, muka mayar da katifar mazauninta.