Dubu 50 na nema, dubu 35 ta shigo, dubu 59 na biya

Jama'a, ku yi hattara da masu bin mutane suna tallar bashin waya. Wallahi har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ni ba yaro ba ne. Shekara 14 ina koyar da lissafi, ni ke tsayawa gaban allo ina koya wa yara kashi cikin ɗari, amma ni aka yi wa. Mai gida ya matsa kan kuɗin haya, albashi shiru, sai ga wani matashi a teburin mai shayin unguwarmu, kaftani a goge, baki kamar zuma: "Malam, mu kashi 3 ne kacal, wata uku ka biya a tsanake." Na miƙa masa wayata. Da hannuna fa! Shi ya sauke manhajar, shi ya yi ta danna na yarda, na yarda, ni ina kurɓar shayi ina karanto masa lambar BVN. Ya ce in ɗago kai ya ɗauki hotona. Har murmushi na yi.

Dubu 50 na nema. Dubu 35 ta shigo. Wai dubu 15 kuɗin hidima ce, kuma dubu 50 zan mayar cif a kwana bakwai, babu zancen wata uku. Dubu 15 a kan dubu 35, kusan kashi 43 a sati guda ke nan. Kashi 3 ɗin kuwa ashe tarar latti ce, naira 1,500 kowace rana.

Ranar Alhamis, a'a, Laraba ce, don daga jana'iza na dawo, suka fara. Kai, tun kafin wa'adin ya cika ma suna kira. Hoton nan mai murmushi suka rubuta wa ƁARAWO, suka tura wa shugaban makarantarmu, iyayen ɗalibaina, har liman. Surukata ba ta ce min uffan ba, 'yarta ta kira tana kuka. Liman ya ja ni gefe bayan la'asar ya ce, "Malam, kai ma riba?" Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Kada wani ya ce min ban yi bincike ba, na tambayi matashin nan sau biyu ko suna da rajista, ya rantse. Daga baya na ga hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda ta kai wa irin waɗannan samame a Legas a 2022, tana da jerin waɗanda ta amince da su. Babu sunansu. Kuma tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobin wayar mutum, shi ya sa yaron bai shiga Play Store ba, ta WhatsApp ya turo.

Dubu 59 na biya har da tarar latti, ƙanena ya ranta min. Dubu 59 a kan dubu 35! Hotunan saƙonninsu da shaidar biya duk suna nan, zan ɗora su da daddare.

Ka tambayi nawa zai shigo, nawa za ka mayar, ranar yaushe. Kada ka ba kowa wayarka.

Yaron dai lambarsa a kashe. Mai shayi ya ce ko sunansa bai sani ba, kuma ya tuna min cewa shayi da burodin da ya ci ranar, ni na biya.