Ɗanyen sitiroberi ko dafaffe a kek mai kirim cis? Amsar tambayar ƙanwarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare wata ƙanwarmu ta turo hoton kek ɗinta na sitiroberi da kirim cis (wato cuku mai laushi), irin kek mai danƙon nan a tsakiya, ta ce gefe ya gasu har yana neman ƙonewa amma tsakiyar ruwa tsululu, sitiroberin kuma ya koɗe jan ya gudu. Tambayarta ita ce ɗanye ake zubawa ko sai an dafa shi tukun. Na ga amsoshin sun rabu biyu, to bari in faɗi nawa tunda duka biyun na yi su ba sau ɗaya ba.

Ƙanwata ki fara sanin shi wannan kek ɗin dama ba a son ya bushe. Asalinsa na mutanen birnin Sant Luwis ne a Amurka, kuma hawa biyu gare shi. Na ƙasa kwaɓi ne mai tauri na fulawa da bota da ƙwai da sukari da bekin fauda, da hannu ake danne shi a gwangwani kamar kwaɓin cincin. Na sama kirim cis ne wajen giram 225 da ƙwai 2 da aisin suga, wato garin sukari mai laushi, su can giram 450 suke zubawa, ni dai 300 nake sawa don zaƙin ya yi min yawa. To kin ga saman nan tun asali ruwa-ruwa yake, ƙwai ne kaɗai ke riƙe shi idan ya ji wuta, duk wani ruwa da kika ƙara masa ya fi ƙarfinsa.

A nan ɗanyen yake ba da matsala. Sitiroberi kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, da ya haɗu da sukari sai ya fara tsatsafowa tun kafin ki kai obin, zafi kuma ya zo ya fasa shi ya saki sauran a cikin kirim ɗin, shi ya sa kike ganin ɗan kududdufi kewaye da kowane yanka kuma ƙasan ya jiƙe ya yi caɓal. Launin ma ba ya jure gashin minti 40, dole ya koɗe. Ba wai ba shi da nasa daɗin ba fa, wallahi idan kika ci karo da yanka ɗaya mai ɗan tsami a tsakiyar zaƙin nan abin ba a magana. Idan shi ranki ke so, ki yanka ƙanana, ki barbaɗa sukari cokali 1 ki bar shi a mataci minti 30 ya tsane, ki ɗan goge da tishu ki sheƙa masa kon fulawa (sitacin masara) kaɗan, kada sitiroberin ya wuce kofi 1 kuma a sama kawai za ki watsa, ban da juya shi a ciki. Sannan a cinye ranar, in ya kwana sai ya ci gaba da sakin ruwa ko a firij ne.

Dafaffen kuwa kin riga kin kore ruwan a tukunya kafin ya shiga kek. Yadda nake yi, sitiroberi giram 300, sukari cokali 2, ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 2, a wuta kaɗan-kaɗan ina juyawa minti 12 zuwa 15 har ya koma kamar rabinsa, sai in dama kon fulawa ƙaramin cokali 1 da ɗan ruwa in zuba ya tafasa sau ɗaya. Idan kika ja cokali a gindin tukunyar kika ga hanyar ba ta rufe nan take ba to ya yi. Lemon tsamin nan kar ki raina shi, shi ke riƙe jan launin kuma yana fito da ɗanɗanon. Ki bari ya huce sarai, don Allah sarai, mai zafi narkar da kirim ɗin yake yi. Sai ki ɗiɗɗiga da cokali a saman kirim cis ɗin ki ja bakin wuƙa a hankali ya yi zane. Ƙamshinsa ya fi na ɗanye ƙarfi nesa ba kusa ba, yana yankuwa tsaf, kuma yana kwana 3 a firij bai canza ba. Abin da kika rasa kawai shi ne ɗan garas ɗin nan na sabon ɗan itace, da ƙarin aikin minti 20.

Akwai kuma maganar irin sitiroberin da ke zuwa hannunmu. Na Jos ne, ana noma shi a wajen Chaha kusa da Vom, kuma lokacin sanyi yake yawa. Kafin ya sha hanyar mota ya iso Kaduna ko Kano rabin robar ta riga ta yi laushi, irin wannan in kika zuba ɗanye ruwansa ya ninka, amma a tukunya shi ne ma ya fi daɗi. Haka wanda ya daskare a firiza, dafawa kawai. Jam na kanti zai iya tsaya miki in ba lokacinsa ba ne, sai dai ki rage aisin suga sosai. Wajen wanki ma kar ki cire ganyen kan sai kin gama, kuma kar ki jiƙa shi, shan ruwa yake.

Ni dai zaɓina dafaffe a ciki, ɗanyen kuma in yanka in jera a sama bayan kek ya huce, dab da za a ci.

Sai dai ba na son ki ɗora wa sitiroberi laifin duka. Kirim cis na roba wanda ake shafa wa burodi ya fi na dunƙule ruwa, in kuma da yogot kika haɗa naki ki tace shi a ƙyalle mai tsafta ya kwana a firij. Obin digiri 175, minti 40 zuwa 45. Kar ki jira tsinken sakace ya fito a bushe kamar sauran kek, in ya fito a bushe kin wuce wurin. Gefe ya tsaya ya yi ruwan zuma, tsakiya tana ɗan rawa in kin girgiza amma ba ta kwarara, sauke. Ya huce awa 2 kafin wuƙa ta taɓa shi sannan ya wuce firij, da zafin garinmu abin madara da ƙwai ba ya son zama a waje.

Kuma daga hoton kamar gwangwanin naki ya yi zurfi, wannan awon na mai faɗi ne inci 9 da 13. Ki auna naki ki faɗa min in gyara miki awon kafin ki sake sayen kirim cis.